Sa Hannun Arnulfo

Litinin, 4 ga Fabrairu, 2019

Magana ta ƙare, zan sayar da gidan. Yau da nake dawowa daga kasuwa da kwandon ƙwai sai da na tsaya a tsakiyar tudun nan na dafa bangon mutane, ina yi kamar kogi nake kallo. Gwiwa ce. Aminiyata Leonor, wadda nake kira comadre, ta hango ni daga tagarta ta ce, "Herminia, kogin Magdalena bai canza ba tun jiya, shigo ki zauna." Na shiga, na sha kofi, na ce mata ni da tudu mun raba gari.

Akwai wani ɗan gida a ƙasa bayan kasuwa, ɗaki biyu da 'yar tsakar gida, babu matakala ko ɗaya. Tandar kek ɗina za ta shiga kicin ɗin, na auna da igiya. Mai gidan, Don Saúl, ya ce zai jira ni zuwa Ista. Bayan nan akwai wani mutumin Bogotá da ke ta yi masa waya.

Kifi ya hauro kogi sosai bana. Garinmu Honda duk ƙarni, kowa sai fara'a. Na ci manya biyu ni kaɗai, ban ji kunyar kowa ba.

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Masu saye sun zo. Wilmer mai gyaran babur da matarsa Dayana, malamar firamare, cikinta ya fito sosai. Shi ya yi ta ƙwanƙwasa bango yana leƙa rufi kamar ya san abin da yake nema. Ita kuwa ta tsaya a baranda tana kallon ruwa, can ta ce, "Wilmer, a nan zan riƙa shanya kayan jariri." Nan na san ciniki ya faɗa.

Banki ne zai ba su rance. Wilmer ya so mu rubuta alkawarin saye nan take a kan teburin cin abinci, har ya zo da kafin alƙalami a aljihu. Saura kaɗan in yarda. Na ce bari in kira 'yata tukuna. Yamile ta ce, "Mama, kada ki sa hannu ko a kan ɓawon ayaba sai lauya ya gani." Tun da yarinyar nan ta zama nas take min magana kamar ni ce a kan gadon asibitin.

Sun tafi da rabin kek ɗin lemo. Dayana ta cinye nata tun kafin su kai ƙofa.

Talata, 12 ga Fabrairu

Ofishin Dakta Idalí, lauya, yana saman kantin magani. Matakala kuma! Yarinya ce sa'ar Yamile, ni na yi kek ɗin bikin yayarta, amma da ta sa tabarau sai na ga na gyara zama.

Na je da tambayoyina a ka. Wa zai biya kuɗin notari, jami'in da ake sa hannu a gabansa ya tabbatar da takarda? Ta ce a raba biyu, haka aka saba, na rajista kuma mai saye ne. Yaushe zan ba da makulli? Ranar da muka rubuta a alkawari, ba ranar da Wilmer ya ga dama ba. Idan suka fasa fa? Kafin alƙalami ya zama nawa. Idan ni na fasa? Ta yi murmushi ta ce, "Sai ki mayar, ki ƙara da naki a kai." Na ji daɗin yadda take magana, ba ta sa mutum ya ji shi wawa ne.

Sai ta ɗauko takardar da ta karɓo daga ofishin rajistar filaye, wadda ke faɗin duk hannun da gidan ya bi tun da aka gina shi. Ta bi da yatsa har ƙasa, ta tsaya.

"Wane ne Arnulfo Rondón?"

Na ce mijina ne. Da.

"Kun rabu a gaban hukuma?"

Na ce tafiya ya yi kawai. Shekara kusan ashirin ke nan.

Ta cire tabarau. Ta ce gidan da sunanmu biyu aka saya, kuma har yau da sunanmu biyu yake. Ba zan iya sayarwa ba sai ya sa hannu. Na ce ai ni na yi rufin nan, ni na yi banɗaki, ni nake biyan haraji duk shekara, ina da rasit cike da gwangwanin biskit. Ta ce, "Na yarda, Doña Herminia, amma notari sunan da ke rajista zai duba." Na sani sarai sunansa na ciki. Na ɗauka dai daɗewa ta shafe shi, ko me na ɗauka oho.

Ta ce ba sai ya zo da kansa ba, zai iya ba wani izini a rubuce ya sa hannu a madadinsa. Amma sai an same shi, sai kuma ya yarda. In ya ƙi, kotu ke nan, kotu kuwa ba ta san Ista ba. Sannan ta faɗi wadda ta fi zafi, a hankali, tana kallon tebur: a doka rabin kuɗin nasa ne. Da rabi ba zan iya sayen gidan Don Saúl ba.

Na sauko matakalar da ƙyar.

Laraba, 13 ga Fabrairu

Na ƙona kek ɗin baftismar mutane. Rabon da in ƙona kek har na manta.

Lahadi, 17 ga Fabrairu

Yamile ta zo daga Ibagué. Muna gyaran kifi na gaya mata, ina cewa ko ta rediyo za mu sa cigiya, ko in aika wa ƙanwarsa. Ta ajiye wuƙa. Sai ta ce, "Mama, ina da lambarsa."

Ashe tun tana makarantar nas suke waya. Yana La Dorada, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba, yana gyaran injin kwalekwale. Ta je wajensa ma. Na ce me ya sa ba ki gaya min ba? Ta ce, "Ba ki taɓa tambaya ba." Gaskiya ne. Na so in yi fushi, na duba cikina ban sami fushin ba, sai na ce ta miƙo min gishiri.

Abin da mutane ba sa ganewa, babu wani abin labari a rabuwarmu. Bai taɓa ɗaga min hannu ba. Aiki ya ƙare a nan, ya samu a can, yana zuwa duk Asabar, sai duk wata, sai Kirsimeti, sai shiru. Idan ya zo faɗa muke yi a kan komai, har a kan inda ya ajiye takalmi. Da ya daina zuwa gidan ya yi faɗi, na sayi tanda, na yi ƙiba. Na ji akwai wata mata daga baya. Ban nemi sanin sunanta ba.

Yamile ta rubuta min lambar da manyan baƙaƙe ta manna a jikin firiji.

Juma'a, 22 ga Fabrairu

Da safe na je ofishin ƙaramar hukuma na karɓo shaidar cewa ba a bin gidan haraji. Layi har titi, amma na haɗu da mata biyu da suka yi odar kek, ban yi asarar zuwa ba.

Da na dawo na kira shi, a tsaye, ko jaka ban ajiye ba, don na san in na zauna ba zan kira ba.

"Minia?" in ji shi. Babu mai kirana haka duk duniya. Muryar ta tsufa, ta yi ƙasa.

Na faɗi abin da na haddace: zan sayar da gida, ana buƙatar hannunka, lauya za ta aiko takardar izini, ba sai ka wahala ba. Ya ce a'a, zai zo da kansa ranar Asabar ta sama. "Ni ma ina da magana," ya ce.

To. Na san maganar. Leonor ta ce, "Rabi zai nema, comadre, namiji ba ya hawa mota don gaisuwa." Ta ce in sa riga mai kyau, ko ba komai ya ga abin da ya bari. Na ce Allah ya kiyaye. Na goge shuɗiyar dai.

Asabar, 2 ga Maris

Ya zo da hantsi. Na hango shi daga baranda yana hawan tudu, ya tsaya daidai inda nake tsayawa ya dafa bangon da nake dafawa. Ban gane shi ba sai da ya cire hula. Arnulfo da yake ɗaukar injin kwalekwale a kafaɗa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya tsaya a bakin ƙofa har sai da na ce ya shigo. Ya dubi rufi ya ce, "Kin canza kwano." Na ce wancan ai ruwa yake tacewa, ba tarewa ba. Ya yi dariya har ta zama tari.

Na yi miyar kifi da ayaba da rogo, ba don shi ba, ita ce a tukunya. Ya ci kaɗan. Ya tambayi Leonor, ya tambayi bishiyar lemo, ya ce Yamile ta yi kama da uwata. Na ƙosa. Na ce, "Arnulfo, faɗi nawa kake so mu wuce wajen."

Ya ajiye cokali. "Nawa na me?"

Na ce lauya ta ce rabi naka ne.

Ya ce, "Haba Minia. Ni me na sa a gidan nan ban da ƙofar baya, ita ma a karkace?" Ya ce ba ya son ko peso ɗaya, a kawo duk takardar da za a kawo ya sa hannu.

Na zauna. Duk maganganun da na kwana ina wasawa suka rasa inda za su. Na ce to mece ce maganar taka?

Ya daɗe yana juya hula. Zuciyarsa ce, za a yi masa aiki bayan Ista. Watan jiya ya faɗi a wajen aiki aka kai shi asibiti, matar da yake zaune da ita, Consuelo, ta bi shi. A bakin ɗaki aka tambaye ta ita wace ce a wurinsa, ta rasa abin cewa. Aka duba takardunsa, aka ga matarsa Herminia Cuéllar, aka ce a kira ta. Consuelo ta kwana a benci a waje.

"Shekara goma sha biyar tana wanke min kaya," ya ce. "Ina so in aure ta kafin su buɗe min ƙirji. Ba zai yiwu ba sai mun rabu a takarda, ni da ke."

Na ce ashe musaya ka zo yi, hannu da hannu.

Ya ce a'a. "Zan sa hannu a kan gida ko kin yarda ko ba ki yarda ba. Wannan roƙo ne daban. Na daɗe ina so in zo, kunya ta hana ni, sai ga ki kin kira."

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na zuba masa sauran miyar a roba. Da zai fita ya taɓa ƙofar baya ya ce, "Har yanzu sai an ɗaga ta?" Na ce har yanzu.

Lahadi, 3 ga Maris

Ban san me ya sa abin ya dame ni ba. Ba na son mutumin nan ya dawo, ko kyauta aka ba ni. Na samu abin da nake nema, har da ƙari. To mene ne?

Leonor ta ce in bar shi ya ɗan dahu. "Shekara ashirin ya bar ki, ki bar shi wata ɗaya mana." Na ce ba shi da wata ɗaya da yawa. Ta kalle ni ta ce, "Au, har kin fara tausayi?" Na ce comadre sha kofinki.

Laraba, 6 ga Maris

Larabar Toka. Bayan an shafa mana na tsaya na tambayi Fada a gefe. Ya ce a wurin coci auren na nan har mutuwa, abin da hukuma za ta raba nata ne. Ke nan ko na sa hannu ina da miji ranar Lahadi, ba ni da shi ranar Litinin. Na yi dariya a gabansa, bai ji daɗi ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Mun sa hannu a alkawarin saye a ofishin Dakta Idalí. Ni, Arnulfo, Wilmer, Dayana.

Ban san za a yi dogon zance a kan abin da zai tsaya da abin da zai tafi ba. Dakta ta ce duk abin da ba a rubuta ba shi ke zama rigima. Tankin ruwa ya tsaya. Kabad ɗin kicin ya tsaya, tunda a jikin bango yake. Tanda tawa ce. Fanka ta falo Wilmer ya nace, na bar masa, ba ta juyawa sai an tura ta da tsintsiya, zai gani. Gunkin Budurwa Maryamu da ke cikin ramin bango na ce da ni zai tafi. Dayana ta ce, "Doña Herminia, bishiyar lemo fa?" Na ce 'yata in kin ga na ɗauke ta a ka ki kira 'yan sanda. Aka rubuta makulli sai ranar goma sha uku ga Afrilu, don in samu in kwashe kaya.

Dakta ta kawo wata takarda daban inda Arnulfo ya bar min rabonsa. Ta karanta masa sau biyu, ta ce ya gane? Ya ce, "Dakta, kunnena lafiya, zuciya ce ta lalace." Za a tabbatar da ita a gaban notari. Bai tada ɗaya maganar ba, ko da ido.

Ana cikin haka na leƙa ta taga. A benci tsallaken titi ga wata mata gajeriya, mai jiki, da lema da jakar leda cike da magunguna, tana ta kallon ƙofar kantin. Ba sai an gaya min ba.

Da muka sauko na tsallaka. Ƙafata ce ta kai ni. Ta miƙe da sauri har lemar ta faɗi. Ta ce, "Doña Herminia, ba roƙo na zo yi ba, ba ya iya shiga mota shi kaɗai yanzu." Na ce na sani, me ya sa ba ki hau sama ba, ranar nan za ta kashe ki. Ta ce ba ta ga ya dace ba.

Na ɗauko mata lemar. Can na ce, "Har yanzu yana munsharin nan kamar injin da ya sha ruwa?"

Ta rufe baki da hannu. "Ya ƙaru," ta ce. "Maƙwabta sun yi ƙara."

Muka yi dariya har Arnulfo ya tsaya daga nesa ya kasa ƙarasowa. Na saya mata ruwan rake mai ƙanƙara. Hannunta duk ƙunar mai, soye-soye take sayarwa a tashar mota.

Talata, 12 ga Maris

Mutumin banki ya zo auna gida ya ga ko ya kai kuɗin da za su bayar. Ya ɗauki hoton komai har bayan gida. Ya ci kek yanka biyu ya ce gidan ya yi.

Alhamis, 14 ga Maris

Na hau matakalar Dakta na ce ta shirya ɗaya takardar, ta rabuwar aure. Ta ce tunda mu biyu mun yarda kuma Yamile ta girma, notari ma zai iya, ba sai kotu ba. Ta tambaye ni ko na tabbata, ko wani ya matsa min. Na ce babu wanda ya isa.

Ba don shi ba ne. Benci nake ta gani, na asibitin. Na taɓa kwana a irinsa lokacin ciwon Mama, amma ni ana buɗe ƙofa a kira sunana.

Yamile ta yi kuka a waya. Na ce ke da ba a raba ki da kowa ba.

Juma'a, 29 ga Maris

Ranar notari. Na sa shuɗiyar riga.

Ɗakin da sanyin na'ura har haƙorana suka kama rawa. Notarin dattijo ne mai sanƙo, ya karanta komai da ƙarfi tun daga farko: iyakar gida gabas da yamma, sunan maƙwabta har da waɗanda suka mutu, lambar katin kowa. Dayana ta yi gyangyaɗi. Da ya zo kan "ɗakuna uku, kicin da baranda mai kallon kogi" sai na ciro hankici na goge ido, na yi kamar atishawa ce.

Muka sa hannu, muka dangwala yatsa a gefe. Wilmer ya miƙe zai rungumi kowa yana cewa gida ya zama nasu. Dakta ta ce ya zauna tukuna, sai an kai takardar ofishin rajista an shigar da sunansu, kafin nan a idon doka gidan bai tashi daga hannunmu ba. Ya ce, "Dakta, ke ba ki taɓa barin mutum ya yi murna ba?" Ta ce, "Bayan rajista."

Da suka fita aka kawo ta biyun. Gajeriya ce. Auren da aka yi kwana biyu ana rawa, shafi kaɗan ya ishe shi. Arnulfo sai da ya dangwala yatsa sau biyu. Na sa nawa lafiya lau. Notari ya ce shi ke nan, ya miƙo mana auduga mu goge tawada.

A waje Arnulfo ya ce, "Minia, na gode." Na ce ka gode wa gwiwata, ba don ita ba da ban kira ka ba. Ya ce Allah ya ƙara mata ciwo. Consuelo ta doke shi da lema. Na raka su har tasha, na ce ta kira ni ranar aikin, ko ta kira Yamile, duk wanda ya fi mata sauƙi.

Na dawo gida na yi barcin rana mai nauyi.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Kuɗin banki ya shigo, na koma wajen mai sanƙo, wannan karon ni ce mai saye. Kafin nan na sa Dakta ta karɓo takardar rajistar gidan Don Saúl ta bi ta da yatsa har ƙasa. Na ce duba da kyau ko shi ma yana da wata a La Dorada. Don Saúl ya ce, "Ni? Doña Herminia, ɗayar ma da ƙyar na samu." Babu jingina, babu sunan kowa sai nasa da na matarsa, ta zo ta sa hannu tana fifita da katin coci.

Asabar, 13 ga Afrilu

An kwashe kaya. Maza huɗu suka sauko da tanda suna zagin wanda ya ƙera ta. Budurwa Maryamu a cinyata ta yi tafiyar, naɗe da tawul.

Na ba Dayana makullai, na nuna mata yadda ake ɗaga ƙofar baya, da famfon da ba a so a matse shi da yawa. Ta ce in riƙa zuwa ɗibar lemo. Na ce ki aiko min, ni da tudun nan sai dai a hoto.

Leonor ta yi ta kuka kamar Spain zan tafi. Na ce comadre, in kin yi ihu daga tagarki zan ji. Ta ce wa zai riƙa ba ta labari? Na ce ki sauko, ke gwiwarki ƙalau.

Gidan ƙarami ne, akwai zafi da rana, ana jin hayaniyar masu kifi tun asuba. Ina son shi.

Laraba, 24 ga Afrilu

Yamile ta kira. An ɗaura wa Arnulfo da Consuelo aure a gaban notari a La Dorada ranar Litinin, jiya aka yi masa aikin, ya farfaɗo yana neman kofi. Consuelo na ciki, a kujera kusa da gado.

Na aika kek, mara sukari da yawa.

Talata, 7 ga Mayu

Odar kek ta ƙaru tunda na sauko, mutane ashe tudun suke gudu. Dayana ta haihu, mace. Leonor ta zo sau uku a mako ɗaya, ta ce wucewa take yi.

Ɗazu wani saurayi daga kamfanin ruwa ya ƙwanƙwasa, zai canza sunan da ke kan mita. Ya leƙa bayana ya ce, "Doña, maigidan na ciki?"

Duk shekarun nan amsa ɗaya nake ba irinsu, mai gas, mai wuta, masu ƙidaya. Ya je La Dorada wajen aiki. Ba ƙarya ba ce, shi ya sa ban taɓa jin komai ba in na faɗa. Yau ma na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ga ta a gabanka. Rubuta Herminia Cuéllar."

Ya rubuta ya tafi. Na daɗe a bakin ƙofa da gari a hannu, ina kallon masu wucewa. Ba wani abu ba ne, tambaya ya yi na ba shi amsa.

Ƙofar nan tana son fenti. Rawaya nake tunani, mai haske sosai, irin wanda Leonor za ta ce ya yi wa mace mai shekaruna yawa.